FASHIN BAƘI: Wasalin da ke kan saƙon gado, da dalilin da ya sa kwamfuta ba ta san jar akuyar Tambuwal ba

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Jihar Sakkwato yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A cikin wannan yanayi ne jar akuya take haihuwa a gidajen Tambuwal, Dogon Daji, Jabo da Sanyinna, kuma a cikinsa ne shanun Gudali, waɗanda makiyaya ke kira Bokoloji, suke kiwo a dazuzzukan Kebbe da Kuchi. Saniyar Turai mai yawan nono idan aka kawo ta nan ba inuwa ba sanyi, cin abincinta yakan ragu, nononta ya ja baya, ɗaukar cikinta ya yi wuya.

Makiyayi ya san wannan bambanci tun kaka da kakanni. Abin da masana kimiyya ke nema shi ne yadda yake faruwa a cikin jiki. Ɗaya daga cikin wuraren da suke dubawa a yanzu shi ne wata 'yar alama da jiki ke ɗorawa a kan sinadarin RNA, kuma babban makaminsu wajen gano ta shi ne reshen ƙirƙirarriyar basira da ake kira koyon na'ura. Wannan fashin baƙi zai bayyana mece ce alamar, yadda kwamfuta ke farautarta a jikin dabbobi masu shayarwa, da abin da ya sa zancen ya shafi kasafin kuɗi da haƙƙin masu kiwo a kudancin Sakkwato.

Littafi, allo da wasali

Jikin mutum da na akuya duk an gina su ne da ƙananan tantanin halitta. A cibiyar kusan kowane tantani akwai DNA, wato littafin gado da aka karɓa daga uwa da uba. Littafin ba ya fita daga ma'ajiyarsa. Idan tantani yana bukatar wani furotin, sai ya kwafo sashen da ya dace a kan wani zare mai suna RNA, kamar yadda ɗalibi ke kwafo darasin yau a kan allo. Ana karanta allon, a ƙera furotin, sannan a wanke. Haruffa huɗu ne kawai ake rubuta RNA da su: A, U, G da C.

Wanda ya san ajami ya san cewa baƙaƙe kaɗai ba su gama magana ba. Kaf da ra idan aka jera su ba wasali, ana iya karanta kara, ana iya karanta kura. Wasali ne ke raba gardama. RNA ma yana da nasa wasulan: ƙananan sinadarai da ake liƙa wa haruffansa bayan an gama kwafe. An gano irinsu fiye da 170 a halittu daban-daban. Wanda ya fi yawa a cikin saƙon RNA na dabbobi masu shayarwa shi ne m6A, wato harafin A da aka ɗora wa metil, wani ɗan guntun sinadari mai ƙwayar kabon ɗaya da haidirojin uku. Ana samun sa a kan kimanin A ɗaya zuwa huɗu cikin kowane dubu.

Wannan alama ba ta sauya harafin. Tana sauya makomar saƙon ne: ko a yi saurin wanke shi, ko a bar shi ya daɗe, ko a fitar da shi daga cibiyar tantani, ko a ƙera furotin da yawa daga gare shi. Akwai furotin masu ɗora ta, babbansu METTL3. Akwai masu goge ta, FTO da ALKBH5. Akwai kuma masu karanta ta, dangin YTH, waɗanda ke zartar da hukuncin.

Ya kamata a rarrabe wannan da metil ɗin da ake ɗorawa a kan DNA kansa. Shi ne wanda Steve Horvath ya yi amfani da shi a 2013 ya ƙirƙiro hanyar ƙiyasta shekarun mutum, sannan a 2023 shi da abokan aikinsa suka faɗaɗa ta zuwa nau'o'in dabbobi masu shayarwa 185. Wancan alama ce a kan littafi. Zancenmu a nan alama ce a kan allo, wadda ke zuwa ta tafi cikin ɗan lokaci, shi ya sa kama ta ya fi wuya.

Shekara arba'in kafin a samu taswira

An fara ganin m6A a saƙon RNA a 1974 a ɗakunan gwaje-gwaje na Amurka, amma babu dabarar sanin a wane wuri yake zaune a kan zaren. Fagen ya yi shiru na tsawon lokaci. A 2011 ƙungiyar Chuan He ta Jami'ar Chicago ta nuna cewa FTO, furotin da tun 2007 aka danganta ƙwayar gadonsa da ƙiba a jikin ɗan Adam, yana iya goge alamar. Abin da ake gogewa a sake rubutawa kuwa, alama ce ta cewa jiki na sarrafa shi da gangan.

A 2012 ƙungiyoyi biyu, ta Gideon Rechavi a Isra'ila da ta Samie Jaffrey a birnin New York, suka fitar da taswirar farko. Dabararsu ita ce a daddatsa RNA, a yi amfani da wani furotin garkuwar jiki da ke manne wa m6A a kamo guntayen da ke ɗauke da shi, sannan a karanta su. Sun samu alamar a saƙonnin ƙwayoyin gado fiye da 7,000. Sun kuma lura da cewa tana taruwa kusa da ƙarshen saƙo, a mutum da ɓera baki ɗaya, kuma ta fi son wani jerin haruffa biyar irin su GGACU.

Dabarar tana da nakasu. Tana nuna unguwa, ba ta nuna gida: takan ce alamar tana cikin wani yanki mai haruffa 100 zuwa 200. Tana cin kuɗi, tana bukatar RNA mai yawa. Jerin haruffan nan biyar kuma ya cika ko'ina a saƙonnin jiki, alhali kaɗan ne daga cikinsu ke ɗauke da alamar. Tambayar ta zama: me ke bambanta wanda aka yi wa wasali da wanda aka bari?

Inda na'ura ta shigo

Dillalin da ya shekara ashirin a kara yakan dubi sa ya faɗi kimarsa kafin a taya. Ba wanda ya rubuta masa ƙa'ida. Dubban shanun da ya gani aka sayar su ne suka koya wa idonsa. Koyon na'ura haka yake. Ana ba kwamfuta dubban wuraren da gwaji ya tabbatar suna da m6A, da dubban waɗanda ba su da shi, tare da haruffan da ke kewaye da kowanne. Tana yin hasashe, ana nuna mata inda ta kuskure, tana gyara lissafinta, har ta iya raba su. Daga nan sai a jarraba ta da wuraren da ba ta taɓa gani ba.

Manhajar SRAMP da masu bincike a China suka fitar a 2016 tana cikin na farko da aka gina don dabbobi masu shayarwa. A 2019 WHISTLE ta fito daga Jami'ar Xi'an Jiaotong-Liverpool, ta ƙara wa lissafin wasu bayanai kamar matsayin wurin a cikin saƙo, sai hasashen ya inganta. A 2022 ƙungiyar Shengdong Ke ta ɗakin bincike na Jackson a Amurka ta gina iM6A da bayanan mutum da ɓera, ta nuna cewa haruffa kusan 50 da ke bin bayan wurin suna da babban tasiri a kan ko za a ɗora alamar. A 2023 wasu gwaje-gwaje suka ƙara haske: wuraren da ke kusa da mahaɗar da aka ɗinke sassan saƙo akwai furotin da ke zaune a kansu yana hana METTL3 isa gare su.

Akwai hanya ta biyu wadda ba hasashe daga haruffa ba ce. Kamfanin Oxford Nanopore na Ingila yana ƙera na'urar da ke zura zaren RNA ta wata 'yar kafa, tana auna yadda ƙarfin lantarki ke sauyawa yayin da haruffa ke wucewa. Harafin A mai metil yana ɗan karkatar da wannan sigina, amma karkatar tana nutsewa cikin hayaniya yadda ido ba zai iya tsamo ta ba. Manhajar m6Anet da ƙungiyar Jonathan Göke ta Singafo ta fitar a 2022 an horar da ita ne don wannan aiki. Ƙaramar na'urar kamfanin, MinION, ba ta kai girman wayar hannu ba, kuma ba baƙuwa ba ce a Najeriya: an yi aiki da ita a asibitin ƙwararru na Irrua a Jihar Edo wajen karanta ƙwayar zazzaɓin Lassa lokacin ɓarkewar 2018.

Ɓera ba akuya ba ne

Dalilin kwatanta nau'o'in dabbobi mai sauƙi ne. Mutum da ɓera, a lissafin masana, sun rabu daga tushe ɗaya kimanin shekara miliyan 80 zuwa 90 da suka wuce. Alamar da ta ci gaba da zama wuri ɗaya a jikinsu duk tsawon wannan zamani, akwai yiwuwar tana da aikin da ba a iya yi ba tare da ita ba. Alamar da ake samu a nau'i ɗaya kaɗai kuma, wataƙila ita ce ke bayyana wata baiwa tasa, wataƙila kuma ba ta da wani aiki. Akwai dalili na biyu, na tattalin arziki: idan manhajar da aka horar da bayanan ɓera za ta yi aiki a kan saniya, an huta da kashe kuɗin gwaji.

Sakamakon da aka samu ya zo da fuska biyu. Tsarin gaba ɗaya iri ɗaya ne: furotin masu rubutu da gogewa, jerin haruffa biyar, da taruwa kusa da ƙarshen saƙo. Amma idan aka sauko wuri-wuri sai bambanci ya fito. A 2020 ƙungiyar Chengqi Yi ta Jami'ar Peking ta auna alamar a sassan jiki daban-daban na mutum da ɓera, ta samu cewa nau'in halitta ya fi nau'in sashen jiki tasiri a kan inda alamar take. Tun a 2018 Jianzhi Zhang na Jami'ar Michigan da abokin aikinsa sun yi hujja da cewa mafi yawan m6A da ke tsakiyar saƙo ba a kiyaye su tsakanin nau'o'i ba, kuma mai yiwuwa ba su da wani aiki. Har yanzu ana muhawara a kan wannan.

Ma'anar wannan ga mai kiwo ita ce, dillalin da ya ƙware a kasuwar raƙuma ba lallai ya iya kimanta rago ba. Manyan manhajojin da aka ambata sun koyi aikinsu ne daga bayanan mutum da ɓera, galibi daga tantanin da aka raina a kwalba. Ko taswirar gadon da ake auna sauran dabbobi da ita ba ta nan ba ce. Ta shanu, wadda aka wallafa a 2009, an ɗauko ta daga wata saniya irin Hereford a Amurka, alhali Gudali daga reshen shanu masu tozo take. Ta awaki ta 2013 daga baƙar akuyar Yunnan ta China aka samo ta, ta 2017 kuma daga irin San Clemente na Amurka. Irin wannan giɓi yana nan a ɓangaren ɗan Adam: wani nazari na 2019 ya nuna cewa kusan kashi 78 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gado da su 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuma kusan kashi 2.

Ko a inda manhaja ta ƙware, lambobin da ake tallata ta da su na iya ruɗar mutum. Ga misalin lissafi. A ɗauka akwai wurare 1,000, 50 ne kawai ke da alamar, manhajar kuma tana dacewa sau 9 cikin 10. Za ta kama 45 daga na gaskiyar, ta kuma ɗora wa 95 marasa alama. Cikin wurare 140 da ta nuna, 45 ne kaɗai daidai, wato ƙasa da kashi ɗaya bisa uku. Shi ya sa hasashen kwamfuta ba ya zama hujja sai an koma ɗakin gwaji an tabbatar.

Abin da ya haɗa shi da Tambuwal da Kebbe

Na farko shi ne zafi. A 2015 ƙungiyar Shu-Bing Qian ta Jami'ar Cornell ta nuna cewa idan tantani ya sha zafi, m6A yana ƙaruwa a farkon saƙon Hsp70, furotin da ke kare sauran furotin daga lalacewa. Alamar tana ba da damar ci gaba da ƙera shi a lokacin da tantani ya dakatar da yawancin ayyukansa. Bayan wannan, masu bincike a China sun auna m6A a jikin tumakinsu da aladunsu da awakinsu masu gashi. Tambayar da ta dace da Sakkwato ita ce ko jar akuya, Gudali, Uda da Balami suna sarrafa wannan alama ta wata hanya da ta bambanta da ta dabbobin ƙasashe masu sanyi. Amsarta na da amfani ga duk gwamnatin da ke shirin barbarar shanun gida da irin waje, domin ana iya samun ƙarin nono a rasa juriyar da ta sa garken ke rayuwa.

Na biyu shi ne cuta. Garken da ke gangarawa kudu da rani neman ciyawa da ruwa yana haɗuwa da ƙudan tsando, mai yaɗa sammore. Shanu masu tozo ba su da juriyar da Muturu da N'Dama ke da ita ga wannan cuta. A 2022 ƙungiyar Luísa Figueiredo ta birnin Lisbon ta gano cewa ƙwayar da ke haddasa nau'in cutar tana ɗora m6A a wutsiyar saƙon furotin da take lulluɓe jikinta da shi don ɓuya daga garkuwar jiki, kuma alamar ce ke hana saƙon lalacewa. Wannan ƙofa ce ta neman sabon magani. Haka kuma ƙwayar cutar PPR da ke kashe awaki da tumaki, wadda duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da ita, da ƙwayar ciwon boru, duk gadonsu a RNA yake rubuce. An riga an nuna cewa m6A na shafar yaɗuwar ƙwayoyi irin su HIV da mura a cikin tantani.

Na uku shi ne lafiyar ɗan Adam. Rigakafin korona na Pfizer da Moderna ya dogara ne da sauya harafin U da wani makamancinsa mai ɗauke da metil, aikin da ya samo tushe daga binciken Katalin Karikó da Drew Weissman na 2005, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2023. A 2021 masu bincike a Cambridge suka nuna cewa toshe METTL3 yana rage wani nau'in sankarar jini a jikin ɓera, kuma a 2022 kamfanin STORM Therapeutics ya fara gwada irin maganin a jikin mutane.

Duk da haka, wannan bincike ne na tushe. Ba zai dawo da shanun da ɓarayi suka kora a iyakar Kebbe da Zamfara ba, ba zai buɗe burtalin da aka nome ba, ba zai maye gurbin allurar rigakafin da ba ta iso ruga ba. Ribarsa ta shekaru ce masu zuwa. Sai dai wanda bai shuka da damina ba, ba ya cikin rabon kaka.

Wuta, kasafi da haƙƙin mallaka

Lissafin kwamfuta shi ne ɓangare mafi araha. Yawancin manhajojin kyauta ne a intanet, ɗalibin da ya iya rubuta manhaja zai iya sarrafa su daga Sakkwato. Ɗaukar samfurin ne ke da wuya. RNA yana ruɓewa da sauri, don haka tsoka ko jinin da aka ɗauka a mahauta sai an saka shi nan take a ruwan naitirojin ko sinadarin adanawa, a kai shi firjin da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Wutar da ta ɗauke kwana biyu ba janareta tana iya shafe aikin shekara.

Cibiyoyin da za su ɗauki aikin suna nan. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar likitancin dabbobi da cibiyar binciken likitanci ta CAMRET. Akwai cibiyar NAPRI a Shika kusa da Zariya, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom wadda ta faro a 1924. A Ede, cibiyar ACEGID da Christian Happi ke jagoranta ce ta fara karanta gadon ƙwayar korona a Afirka a Maris na 2020. A Maraɗi, Jamhuriyar Nijar na da cibiyar kiwon jar akuya tun shekarun 1960. A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, kuma a shekarar ce aka fitar da daftarin manufar ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira. Abin da Najeriya ba ta kai ba shi ne mizanin Tarayyar Afirka na kashe kashi 1 cikin ɗari na arzikin ƙasa a kan bincike.

Sai batun mallaka. Fatar jar akuyar wannan yanki ta shafe ƙarnoni tana ƙetare Sahara, Turawa suna saye suna kiran ta fatar Maroko. Kayan na Sakkwato ne, sunan ya tafi wani wuri. Bayanan gado sun fi fata saurin tafiya, domin da zarar an ɗora su a rumbun intanet kowa na iya saukewa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi raba amfanin albarkatun gado da ƙasashen da aka samo su. A taron Cali na Kolombiya a 2024 aka amince da asusun da manyan kamfanoni masu cin gajiyar irin waɗannan bayanai za su riƙa zuba kashi 1 na ribarsu ko kashi 0.1 na cinikinsu, rabin kuɗin aƙalla ya tafi ga al'ummomin asali da na karkara. Ba a tilasta wa kamfanonin biya ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 kuma bayanan mutane take karewa, ba na dabbobinsu ba. Shirin African BioGenome da masana Afirka suka ƙaddamar a 2021, da burin karanta gadon nau'o'in halittu fiye da 100,000 a cikin nahiyar, martani ne ga wannan matsala.

Tambuwal da Kebbe mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya wakilta daga 2003 zuwa 2015 har ya zama kakakin majalisar. Yanki ne da ya san hanyar Abuja. Matasansa na da tambayoyin da za su iya yi wa duk mai neman ƙuri'arsu a zaɓe mai zuwa. Nawa aka ware wa binciken irin dabbobin gida a kasafin jiha da na sabuwar ma'aikatar kiwo, nawa aka saki? Idan za a shigo da irin waje, wa ke adana gadon Gudali da jar akuya kafin a gauraya su? Idan masu bincike suka zo ɗaukar jini a ruga, wace takarda suka sa wa hannu, a ina za a ajiye bayanan, kuma me zai dawo ga matar da ta raini akuyar?

Kwamfuta tana sanin abin da aka nuna mata ne kawai. Ranar da za ta san jar akuyar Tambuwal ita ce ranar da aka samu firji mai wuta, ɗalibi mai tallafi, da yarjejeniyar da ta rubuta sunan masu dabbar.